Gyaɗar da ta Bi Kurege Gida

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke alkawari yana saɓawa, Bushiya ta share ɗan lambunta na bayan gida. Ba ta gaggawa. Ta sara rami, ta koma inuwar zogale ta yi fifita, sannan ta sara wani. Haka ta binne irin gyaɗarta a busasshiyar ƙasa, ta bar wa Ubangiji sauran.

Maƙwabcinta Kurege na bisa darni, yawu na dalala.

"Sannu da aiki, Iya! Allah ya kawo albarka."

"Amin, ɗan nan. Albarkar da ba ta da wutsiya."

Da ta shiga ƙailula, Kurege ya diro. Ya tona ya ci, ya tona ya ci, har ciki ya nemi afuwa. Amma haɗama ba ta san ƙoshi ba. Ya cika kumatu da sauran, ya riƙa ɓoyewa a ƙasa, nan ɗaya, can ɗaya, tun daga bakin darni har ƙarƙashin tabarmarsa.

Bushiya ta fito ta ga ramuka wayam. Ta tayar da ƙayoyinta, ta ce, "Na rantse, ranar da na gane ɓarawon nan sai na zauna a kansa!"

Kurege ya girgiza kai. "Innalillahi! Tsoron Allah ya yi ƙaranci, Iya."

Sai ruwa ya sauka. Lambu ko tsiro babu, amma ga gyaɗa ta fito a jere, kore shar, ta miƙe har ɗakin Kurege. Bushiya ta bi sahu, tana tafe tana karkaɗa ƙaya. Ta iske tabarma ta yi tozo, Kurege na kai yana dannawa.

"Ɗan nan, me ke ɗaga ka?"

"Ɗaukaka ce, Iya. Allah ke ba wanda ya so."

Ta yaye tabarma, ga tsiro cunkus. Ta juya masa baya, ta fara gyara zama.

"Tsaya, Iya, don girman Allah! Ƙasarki na ga ta gaji, na mayar miki da irin wuri mai taki. Alherin ɓoye ya fi lada, shi ya sa ban faɗa ba."

"Ashe gyaɗata ce?"

"Taki ce har ganyen!"

"To rantsuwata fa?"

"A kan ɓarawo kika yi ta, Iya. Ni kuwa manominki ne."

"Madalla. Ga fartanya."

Duk daminar nan Kurege na noma yana korar awaki, Bushiya na kwance a ƙofar ɗakinsa tana fifita, ƙaya a miƙe. Da kaka ta yi ta kwashe gyaɗarta tas, ta bar masa ɓawo da addu'a.

Ƙurunƙus kan kurege. Mai satar iri ya soya shi tukuna. Astagfirullah, ban ce ku gwada ba!