Barmani da Tukunyar Gadali

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin zaure.

Ta shigo mu ji ta.

Wata tsohuwa ce, sunanta Barmani. 'Ya'yanta uku, ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi kudu, ɗaya ƙasa ta rufe shi. Ba abin da ya rage mata sai tukunyar da ta shuka gadali a ciki, a gindin rumbu. Uwar gadalin nan kuwa tana magana. Duk duniya ita kaɗai ke gaida Barmani da safe.

Uwar gadali ta yi 'ya'ya, 'ya'ya suka yi jikoki. Kawuna kamar albasa suka cika tukunya maƙil. Damina ta zo, ba fure. Wata ta zo, ba fure. Ta uku ta zo, ganye ya yi rawaya, gaisuwa ta koma nishi.

Barmani ta zauna ta yi tagumi. Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Iya, ƙishirwa ce. Ƙara ruwa." Ta ƙara. Tukunya ta fara wari.

Kaza ta ce, "Iya, maganar wannan mai kumburarren cikin kike ji? Yunwa ce. Zuba taki." Ta zuba. Bakin ganye ya ƙone.

Sai ga tana, tsutsar ƙasa, ta sulalo ta tsagin tukunya, da ƙyar. Ta ce, "Iya, daga ciki nake. Ni da ba ni da ƙashi ma na rasa hanyar wucewa. Fasa tukunyar nan yau, ki raba su."

Barmani ta ce, "Ke makauniya, me kika gani? In raba uwa da 'ya'yanta, ni da na san zafin abin? Wuce ki ba ni wuri!"

Ta ƙi. Kwana ɗaya, kwana biyu, har bakwai. Ran na takwas ta kara kunne jikin tukunya, sai ta ji muryar uwar gadali can ƙasa-ƙasa: "Barmani, naki sun yi miki nisa. Nawa a kan ƙirjina suke zaune, ba mai numfashi a cikinmu. Kawo wuƙa."

Ta ɗauko wuƙa da taɓarya, ta buga wa tukunya taɓaryar. Tukunya ta dare. Saiwoyi sun cukurkuɗe kamar kitson da ya shekara.

Ita kuwa tana, ba ta riƙe Barmani a zuci ba. Ta ce, "Uku-uku za ki yanka, kada ki bar ɗaya shi kaɗai. Duk inda wuƙa ta bi, ki shafa toka. Ki shanya su a inuwa, ruwa kuma sai bayan kwana uku."

Ta yanka, ta shafa. Ta yanka, ta shafa. Da ta kai tsakiya, ta ɗago uwar, sai ta narke mata a tafin hannu. Ta ruɓe.

Barmani ta ce, "Da na fasa tukunyar ran da kika faɗa fa?"

Tana ta ce, "A ranar akwai sauran tauri a jikinta, Iya."

Barmani ta dasa sauran cikin sababbin tukwane uku, da yashi da garin gawayi. Damina ta kewayo, fure ya fito fari fat, har masu wucewa na leƙe ta kan danga. Amma duk cikinsu ba wanda ya koyi magana. Barmani ta binne ɓawon uwar a bayan ɗaki, ta ci gaba da ba marayun ruwa, gida shiru, har nata wa'adin ya cika.

Ƙurunƙus! Ta naɗe tabarmarta ta tafi. Wanda ya ƙi raba abin da ya cushe don tausayi, tausayin ne zai kashe masa shi.