Tsohon da Yake Yi wa Kwamfuta Fifita

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi garin ba, kada wani ya ce da danginsa nake. Sunansa Malam Hudu. Bawan Allah ne, dattijo, ba ruwansa da hayaniya, sana'arsa buga wa mutane takardu a kwamfuta: katin biki, takardar neman aiki, irin waɗannan. A lokacin intanet bai shiga wayar hannu ba. Ku samarin da ke can baya kuna latse-latse, ku ɗago kai ku saurara, an yi zamanin da sai an ja maka waya har ɗakinka kafin ka samu. To, ɗan Malam Hudu da ke aiki a wani gari shi ya sa aka ja wa mahaifinsa.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da maƙwabcinsa Zubairu, malamin firamare, mutum mai ƙoƙari amma zuciyarsa a kusa take. Zubairu ya samu gurbin ƙaro karatu ta intanet, darasi kullum bayan azahar, malami yana bayani daga wata jami'a kai kuma kana ɗakinka kana ji. Kwamfuta yana da ita, intanet ne babu. Bai roƙa ba. Malam Hudu ne ya ji labari, ya same shi ya ce, "Malam Zubairu, abin nan yana ɗakina, ni ba na cinye shi. Mu raba."

Aka kira mai gyara. Ya huda katanga ta saman taga, ya zura doguwar waya, ya soka baki ɗaya a bayan kwamfutar Malam Hudu, ɗayan a ta Zubairu. Da zai tafi ya ce, "Ta Baba ita ce uwa. Ta cikinta intanet zai bi ya zo taka. In tana kunne kana da shi, in ta mutu kai ma ka rasa."

Da sanyi abu ya tafi lafiya lau. Sai bazara ta shigo, zafin nan da ko kwano ka taɓa sai ya ƙona ka. Zubairu yana tsakiyar darasi, sai ɗif, intanet ya yanke. Ya jira, ya dawo. Kashegari haka. Jibi haka. Kuma ba ya yankewa sai daidai lokacin darasi.

Nan Shaiɗan ya samu wurin zama, jama'a. Zubairu ya ce a ransa, ai mai gyara ya faɗa, ba ya yankewa sai an kashe waccan. Wa ke kashewa? Tsohon nan. Don me? Ƙyashi. Ya ga zan ɗaukaka. Ku lura, taku kaɗan ne daga ƙofarsa zuwa ƙofar Malam Hudu. Ya je ya tambaya? Bai je ba. Wai kunya yake ji, kada a ce an ba shi kyauta yana ƙorafi. Amma bai ji kunyar kai maganar majalisa ba!

"Ku bar ganinsa shiru-shiru," in ji shi. "Kyautar a gani a yaba ce. Da na fara karatu sai ya kashe."

Wani ya ce, "Kai, ashe haka yake?" Wani ya kai gida, matarsa ta kai gidan suna. Kafin ka ce me, mutumin da ake tsayawa a gaishe shi har ƙasa ya koma sai a ɗaga masa hannu daga nesa. Masu kawo masa aiki suka fara zagayewa. Sunan da dattijo ya yi shekaru yana tsarewa, Zubairu ya zubar da shi a bakin titi. Shi kuwa Malam Hudu, in sun haɗu a masallaci, sai ya ce, "Malam Zubairu, ya karatu? Allah ya ba da sa'a." Zubairu ya amsa da kyar, yana cewa a ransa, ji munafunci.

Rannan ana bitar jarrabawa, sai ɗif. Zubairu ya miƙe, ransa ya gama ɓaci, ko takalmi bai sa ba. Ya faɗa ɗakin dattijon nan babu sallama, da maganganu cike da bakinsa.

Ku saurara da kyau.

Ya tarar da Malam Hudu zaune a ƙasa, daga shi sai singileti, gumi sharkaf kamar an watsa masa ruwa. An cire murfin kwamfutar ta gefe. 'Yar fankar da ke ɗakin, guda ɗaya tak, an juya ta tana kallon kwamfutar, ba mai ɗakin ba. Shi kuma yana riƙe da mafici, yana yi mata fifita.

Ya ɗago ya ga Zubairu. Kun san abin da ya ce?

"Yi haƙuri, Malam Zubairu. Hannuna ne ya gaji, na tsaya in sha ruwa, sai ta mutu. Yanzu za ta huce."

Subhanallahi! Zubairu ya tsaya cak. Ashe kwamfutar tsohuwa ce, in ta yi zafi sai ta kashe kanta. Ashe tun da bazara ta shigo dattijon nan ya daina nasa aikin a lokacin darasi, don kada ya ƙara mata zafi. Zama yake yi a gabanta yana fifita har a tashi.

Da kyar Zubairu ya ce, "Baba, ka ji abin da nake faɗa a kanka?"

"An kawo mini."

"Me ya hana ka kira ni ka nuna mini?"

"Na san halinka. In ka ga wannan, kunya za ta sa ka zare wayar ka bar karatun. Maganar kuwa, na yafe tun ranar da na ji." Ya danna maɓalli, kwamfuta ta tashi. "To, ta kama. Koma, kada bitar ta wuce ka."

Zubairu ya kai hannu zai karɓi maficin, dattijo ya hana. "In ka zauna nan, wa zai yi karatun? Tafi."

Ya koma. Malami yana ta bayani, wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba. Ya san abin da ake yi a bayan katangar nan domin shi. Ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka, don kunyar da ya ji ta fi ƙarfin ya ɗago.

Da la'asar ya je majalisa, ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Ƙarya na yi wa Baba Hudu. Zato na yi, na mai da shi labari." Ya faɗi abin da ya gani. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya sai da kekensa ya sa aka gyara kwamfutar. Amma ku ji abin da ya hana shi sukuni: waɗanda suka ji ƙaryar ba duka suka ji gyaran ba. Ta shiga gidajen da bai sani ba. Har Malam Hudu ya koma ga Allah, akwai masu cewa, "Ba shi ne mai ƙyashin nan ba?" Duk sanda Zubairu ya ji, sai ya bi mutum yana rantsuwa, yana bayani, kamar mai neman sadaka.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Addininmu ya hana mu mummunan zato, kuma wanda ya fi muni shi ne zato a kan wanda yake maka alheri. Alheri in ya yanke, kada ka ce an hana ka. Je ka duba, wataƙila hannun mai yi ne ya gaji.

Kowannenmu nan akwai wanda yake masa fifita a bayan katanga. Wani uwarsa ce, wani yayansa ne, wani matarsa ce da take rufa masa asiri bai sani ba. Ranar da abin ya zo, ba ka tambayi yadda aka yi ba. Ranar da ya yanke, ka buɗe baki. In akwai wanda ka kai sunansa majalisa alhali ba ka taka ƙofarsa ka tambaye shi ba, kada ka bari sai gobe. Daga nan ka wuce gidansa, ka yi sallama, ka nemi gafara tun yana da rai da zai ce ya yafe.

Allah ya tsare harsunanmu daga mutuncin masu kyautata mana.