Yashin Agadas a Bangon Soro

An ce a wani tsohon soro cikin birnin Kano an yi wata amarya, Gaisha, wadda mijinta Akoli ya kawo daga Agadas. Tana son mijin, amma ɗakin bai karɓe ta ba. A bakin zanenta akwai ƙullin yashin ƙofar gidansu, ta kuma yi niyyar bin ayarin da zai koma kafin damina, Akoli ma ya sani.

Ran da mutanen gidan suke kwaɓa ƙasar yaɓe, ta shige ɗaki. Sai tsattsewar da ta yi sheƙa a jikin azara ta ce, "Amarya, ba ki fita yaɓe?"

"Ai ba gidanmu ba ne."

"Haka Nnawo ta ce. Saurari labarinta, yadda kakata ta ba ni. Banufiya ce daga Bida, a ɗakin nan aka sauke ta. Ta ƙi yaɓe, damina ta ɓamɓare bango, sai ga wani tsohon yaɓe a ƙarƙashi, da shatin yatsu sirara. Ta kira tsohon magini, ya ce, 'Zauna ki ji, ɗiyata. Yatsun Mabruka ne, matar wani falke daga Gadamas, can ƙetaren hamada. Kullum cikin kuka take. Wata shekara mijinta ya kawo mata dabinon garinsu, ta ci, ta kasa zubar da ƙwallayen. Sai ta danna su cikin ɗanyen yaɓe, ta ce ko bangon ya ɗan san ta. Tun ranar barci ya zo mata. Ke fa, me kika ba bangon da zai riƙe ki?' Nnawo ta tsinke duwatsun tsakiya da ke wuyanta ta zuba a kwaɓi. A gidan nan ta ga jikokinta. Ni ma baƙuwa ce, amarya, da laka na zama 'yar gida. Duba bayan ƙofa."

Gaisha ta duba. Inda yaɓe ya zube, ga shuɗiyar tsakiya tana ƙyalli, can ciki ga ƙwallon dabino, yatsu bisa yatsu har inda ido ya tsaya. Ta ɗora tafinta a kan shatin yatsun. Ta daɗe a tsaye.

Ta fito tsakar gida, ta kwance ƙullin, ta zuba yashin cikin kwaɓin da Akoli ke takawa.

Ya dube ta, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ayarin fa?"

"Allah ya kai su lafiya. Ka bar mini gefen ƙofa, ni zan yaɓe shi."