Sara na Biyu

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a zamanin Sarki Zubairu an yi wani falke mai suna Haladu. 'Yan fashi sun taɓa kashe masa ƙane a hanyar Gwanja, tun daga ranar bai sake fita babu takobi ba.

Wata rana da hantsi yana kora jakunansa ta gefen gonaki, sai ga mutum a guje da wuƙa tsirara. Haladu ya sare shi a dantse, wuƙa ta faɗi. Mutumin ya durƙusa yana nuna bayan falke. Haladu ya ƙara sara, mutumin ya mutu nan take. Sai da ya waiwaya ya ga wani bijimin sa kwance yana shure-shure. Ashe manomi ne, Tanimu, yake sauri ya yanka sansa kada ya zama mushe.

Aka kai Haladu fada, tsohuwar mamaci na neman jininsa.

"Allah ya ba ka nasara, raina na kare," in ji Haladu.

Sarki ya dubi Waziri Ishaƙa. "Wanda tsoro ya sa ya yi kisa, me ke wuyansa?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi wani makiyayi da kura ta faɗa wa garke. Ya jefe ta, ta gudu. Bai haƙura ba, ya bi ta har rami ya cinna wuta, wutar ta cinye gonar maƙwabcinsa. Alƙali ya ce jifa na garke ne, wuta kuwa ta zuciya ce, ya ɗora masa biyan gonar. Saran farko na falken nan tsoro ne. Na biyu fa? Wuƙa tana ƙasa."

Haladu ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Iya, jini ko fansa?"

Tsohuwa ta ce, "Zaki, jininsa ba zai yi mini noma ba."

Aka yanke ya ajiye takobi da fatauci, ya riƙe gonarta iyakar ranta. Waziri kuwa aka yafa masa alkyabba.

Haladu ya tsufa a gonar nan. Sau ɗaya tak tsohuwa ta yi masa magana, tana miƙa masa ruwa: "Da ka waiwaya, ɗan nan."

Shi ya sa magabata ke cewa shari'a takan yafe hannun da ya kare kai, amma in haɗari ya kau, abin da hannun ya ƙara na mai shi ne.