Ƙofar Bushiya a Tsohon Wasa

'Ya'yana, ku ajiye wayoyin nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Inna, muna ji.

Zomo da Kunkuru suna wasan intanet, inda kowa yake zama jarumi ya gina gida. Da sabon wasa ya fito, dabbobi suka watse suka koma can, saura su biyu. Mai tsohon wasan ya ce in Zomo ma ya fita, zai rufe shi.

Zomo ya ce, "Yaya, mu tafi mana. Kango kake gadi!"

Kunkuru ya ce, "Gidan da ƙawarmu marigayiya Bushiya ta gina yana ciki. Kullum sai na yi sallama a ƙofarta."

"Tana amsawa?"

"A'a. Amma a sabon naku ko ƙofar babu."

Zomo ya dubi ƙofar Bushiya, ya dubi hanyar fita.

Ƙurunƙus, ga kan ɓera na ajiye. Ku raba mini gardama: Zomo ya tafi, ko ya zauna?