Ungulu da Hular Kotu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Ungulu lauya ce, kuma tana ji da farar hular gashin nan ta kotu, don ita ke rufe mata sanƙo. Ran taron lauyoyin daji, Doki ya kawo kuka: "A soke hular nan. Jelata ake yankewa a saƙa ta, ƙudaje sun addabe ni."

Ungulu ta zabura: "Gadon kakanni ne, ba mai taɓa shi."

Dila, shugabansu, ya yi murmushi: "Gaskiyarki, Hajiya. Amma kakanni da sumarsu suke saƙawa. Gobe kowa ya aske tasa ya kawo."

Ungulu ta shafa ƙasan hula, ta ji fayau. Ta ce, "Ranka ya daɗe, dama zafi gare ta. A soke."

Ƙurunƙus kan ɓera, na ungulu ba ya askuwa.