Wutar Gwaggo Tabawa

Ga ta nan ga ta nanku, har da kai mai gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata tsohuwa ce, Gwaggo Tabawa, ba miji, ba ɗa, sai baki kamar barkono. Kullum da magariba sai ta ɗauki kasko ta fita ɗiban wuta.

Sai ta shiga gidan Ladidi. Aka ba ta. Ta ce, "Ɗan Adam ke nan, Ladidi. Ya ba ka garwashi ɗaya, ya so duk gari ya ga hayaƙin."

Washegari sai gidan Asabe. Ta ce, "Kowa na son a faɗi gaskiya, Asabe, amma a kan maƙwabcinsa."

Sai gidan Kande. Ta ce, "Ana tausayin tsoho, Kande, in dai yana ɗakinsa."

Mata suka ce, "Kai, bakin nan ya ishe mu! A kai mata gungumen ƙirya, wanda zai daɗe yana ci, mu huta."

Kande aka aika. Ta durƙusa za ta hura, sai ta ga toka jiƙe sharkaf, ga tulu a gefen murhu. Ashe Gwaggo da hannunta take kashe wutar, don ta sami dalilin shiga cikin mutane! Kande ta hura mata wutar, ta tafi.

Magariba ta yi. Gwaggo ta ɗauki kasko, ta dubi gungume yana ci, ta ajiye. Kunya ta hana ta zuba wa kyautar mutane ruwa. Sai ta zauna tana yi wa kazarta hira. Wallahi yara, ni kaina abin yana ba ni tausayi.

Kande kuwa ta kasa sukuni. Sai ta kwara ruwa a murhunta.

Mijinta ya ce, "Ke, lafiya? Tuwon fa?"

Ta ce, "Malam, tuwo ya jira."

Ta ɗauki kasko, sai gidan Gwaggo. "Salamu alaikum. Gwaggo, wutata ta mutu."

Gwaggo ta dubi bakin zanen Kande yana ɗigar ruwa. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta jawo tabarma.

"Ƙarya ba kyau, 'yar nan. Gobe ma za ta mutu?"

"Kullum, Gwaggo."

Ƙurunƙus kan kusu. In kun ga mutum ya zo roƙon abin da yake da shi, ku shimfiɗa masa tabarma. Ku tashi, wanda ya taka mini ƙafa zai gani!